Gwajin Fitila da Tsakar Rana

Kwana da kwanaki ke nan wani abu ya tsaya mini a ƙirji, na haɗiye ya ƙi wucewa, na yi tari ya ƙi fitowa. Girki ma sai in zuba gishiri sau biyu, ko in manta da shi gaba ɗaya. Maƙwabciyata da na kai wa kuka, maimakon ta taya ni jimami sai ta yi ta dariya har ɗankwalinta ya zame, wai in sake ba ta labarin daga farko. Shi ya sa na ce bari in kawo muku, ko a cikinku a samu mai tausayi.

Wani ne. Ba zan faɗi sunansa ba, don ina son asirinsa a rufe. Amma don kar ku wahalar da kanku da bincike, ni na haife shi.

Babban mutum ne, har da gemu. Ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Matsalarsa guda biyu ce. In aka faɗa masa magana, sai ya riƙe ta da hannu biyu ya haɗa da haƙori. In kuma ya zauna ya yi tunani da kansa, to nan ne ake shiga uku. Aiki ya taɓa kala-kala, daga tsaron kanti zuwa gidan burodi, kowanne da irin rakiyar da aka yi masa zuwa gida. Kuma duk sanda aka sallamo shi, a falona yake tarewa. Ya miƙe a doguwar kujera, rimot a ƙirji, har sai da kujerar ta yi rami daidai tsawonsa.

Yayana, wato kawunsa, yana da gonar kaji a bayan gari, can inda kwalta ta gaji ta tsaya. Hanyar gonar ba hanya ba ce, ramuka ne da aka jera. Don haka Yaya ya sayi irin motar nan ta shiga daji, gajeriya mai manyan tayoyi da buɗaɗɗen baya, da ita ake kwaso ƙwai zuwa kasuwa. Na yi ta sintiri gidansa, na roƙe shi da girman iyayenmu, har ya gaji da ganina ya ba yaron makulli. Abu kamar wasa, sai ga shi ya riƙe aiki. Ko ƙwai ɗaya bai taɓa fasawa ba, don tafiyar hawainiya yake yi. Kujerata har ta fara cikowa.

Ana nan sai mai sarin ƙwan ya ce shi daga yanzu kafin kasuwa ta buɗe yake son kayansa. Ke nan dole a baro gona tun da duhun asuba. Ita kuwa motar, fitilarta ɗaya ta mutu, ɗayar kuma sai ka kyasta ashana ka duba ko a kunne take. Yaya ya kira yaron ya ce ya je layin masu kayan mota ya zaɓo fitila ta gaske, shi ya san mai shagon, za su daidaita. Ya ce masa mako mai zuwa za a fara. Ya kuma ƙara da cewa in aka makara, ko ƙwai ya fashe a rami don direba bai gani ba, to ya ajiye masa makullinsa a kan tebur, ya koma wa kujerar uwarsa.

To ga inda gizo ke saƙa. Shekarun baya yaron nan ya taɓa faɗawa kwalbati da babur cikin duhu, ya baro haƙori ɗaya a can. Tun ranar na sa shi ya rantse mini ba zai sake taɓa abin hawa ba in dai babu rana a sama. Da ya zo mini da maganar Kawu, sai da jinina ya hau. Na auna aikin, na auna sauran haƙoransa. Na ce masa to, ranar da fitilar ta yi haske yadda ya kamata, na janye rantsuwar. Kafin nan kuwa, rana na faɗuwa hannunsa ya bar motar, ko makunni kar ya taɓa. Ku shaida, don lafiyarsa na faɗa.

Washegari ya tafi shagon. Abin da ya faru a can, mai fitilar da kansa ya ba ni labari daga baya, yana yi yana share ido da hannun riga.

Mutumin ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ya sauko da kwalaye ya baje a kan kanta. Ya nuna masa fara, ya nuna masa rawaya wadda ke huda ƙura da ruwan sama. Ya ce wannan dogon zango gare ta, tana harba haske can gaba kamar mashi, waccan kuma faɗi gare ta, tana buɗe gefe da gefen hanya. Akwai tsohon yayi mai ƙwan lantarki ɗaya a ciki, mai zafi da shan batir, akwai sabon yayi mai ƙananan idanu jere. Ya ce tun da hanyar rami ce kuma ƙwai za a ɗauko, ba gudu za a yi ba, guda biyu masu faɗi waɗanda ba sa jin jijjiga sun ishe shi har ya tsufa. Gaskiya a ranar farko mutumin nan ya ji tsoron Allah.

Aka ɗaura guda biyun. Lokacin rana ta take tsaka, ko ƙadangare ya nemi inuwa. Yaron ya koma gaban mota, ya ja da baya, ya riƙe ƙugu. Ya ce a kunna.

Mai fitila ya ce, "A kunne take, ranka ya daɗe."

Ya duba ƙasa, ya duba katangar da ke gaba, bai ga komai ba sai rana. Ya ce a kashe. Aka kashe. Ya ce a kunna. Aka kunna. Ya ce shi wallahi bai ga bambanci ba, in ba so ake a cuce shi don an gan shi shiru-shiru ba.

Mai fitila ya yi dariya, ya ce ai fitila da dare ake gane ta, ya je gida in duhu ya yi ya gwada, in ba ta yi ba ya dawo da ita. Yaron ya ce ba zai yiwu ba, Ummansa ta hana shi taɓa mota bayan faɗuwar rana har sai fitila ta yi kyau. Mutumin ya ce to ta yaya za a san ta yi kyau in ba a kunna da dare ba? Ya ce shi ya sa ya zo da rana.

Sai kuma ya yi abin nan da nake tsoro, wato tunani. Ya shafa gemu ya ce, "Malam, duba fa. Yanzu ga rana guda tana taya ta, amma ban ga abin da ta haska ba. To da dare, da za a bar ta ita kaɗai fa?"

Mai fitila ya buɗe baki zai yi magana. Sai idonsa ya faɗa kan kwalayen da ke can saman kanta, waɗanda ƙura ta rufe don an daɗe ba a tambaye su ba. Ya rufe bakin a hankali. Ya ce shi shekarunsa da yawa a wannan sana'a, bai taɓa jin magana mai zurfi irin wannan ba. Ya jawo tsani.

Daga nan fa aka buɗe ƙofa. Kullum yaron ya sauke ƙwai a kasuwa, sai ya zarce shagon daidai lokacin da inuwar mutum ke ƙarƙashin ƙafarsa. Aka kawo wata doguwa kamar taɓarya, aka kira mai walda ya yi mata mazauni a kan rufin motar. Aka kunna, ya ce da sauƙi amma da saura. Aka jera rawaya huɗu a bamba, ƙarfen nan na gaban mota. Aka maƙala ɗaya a kowane madubi. Aka sa wasu ƙanana a ƙarƙashi, don ya ce rami ai a ƙasa yake, ba a sama ba. Har baya sai da aka sa wata, wai in ya wuce rami yana son ya tabbata ya wuce shi. Ranar da na fara ganin motar ta shigo layinmu, na ɗauka shagon ne gaba ɗaya ya yi taya ya biyo shi.

Na tambaye shi ko wannan duk Kawu ya sani. Ya ce Kawu cewa ya yi fitila ta gaske, bai ce guda nawa ba.

Rannan kuma da haƙurinsa ya ƙare, ya ce shi tun da hasken ya ƙi fitowa, zai bi shi har gida ya gani ko yana ciki. Ya hau bonet, ya manna idonsa a jikin taɓaryar nan ta rufi, ya ce a kunna. Kafin mai fitila ya ce kar, mai haɗa musu wayoyin lantarki ya riga ya danna.

Wani mai tasi ne ya kawo mini shi. Ya shigo falo yana laluben bango, ya durƙusa a gaban firji ya ce, "Umma, barka da gida." Ina daga bayansa na amsa. Ya juyo ya ce me ya sa na koma koriya. Komai kore yake gani, har da mage. Amma fa fuskarsa fal murna, wai yau dai ya kama su, hasken yana nan a ciki, fitowa ne ba ya yi.

Da haƙori ɗaya ya tafi na yi haƙuri, yanzu kuma ido? Na ja shi asibitin ido, aka ɗiga masa magani, likita ya ce zai washe, amma ya tambaye ni ko yaron yana da wata lalura ban da wannan. Na ce biyayya ce kawai. Daga can ban zame ko'ina ba sai rumfar mai walda. Na sayi baƙin tabaran nan nasu, mai roba a baya, wanda in ka sa ko tafin hannunka ba ka gani. Na rataya wa yaron a wuya. Na ce daga yau ban yarda a kunna fitilar motar nan yana wurin ba sai wannan yana idonsa. Ya ce to, Umma.

Wace uwa ce ba za ta yi haka ba?

Mai wayar da ke haɗa musu fitilun, shi ne ya fara jin nauyin abin. Ya ja yaron gefe ya ce masa tun da dare ya haramta, ya nemi wuri mai duhu da rana ya gwada. Shawara mai kyau, amma ga wanda aka ba. Na dawo daga unguwa da la'asar, na tarar da tagogina tsirara. Labulena, bargunana, zanin gadona na baƙi, duk an lulluɓe gaban mota da su a tsakar gida, ƙafafu biyu sun leƙo ta ƙasa. Daga ciki na ji muryarsa yana cewa to, yanzu ya fara ganin wani abu, kamar garwashi. Ashe da tabarau ya shiga. Ni kuma hancina ya fara jin ƙauri. Rawayar nan ta bamba tsohon yayi ce, zafi gare ta kamar dutsen guga. Kafin in ja shi ta ƙafa, bargona mai laushi da nake ɓoyo don sanyi ya samu idanu huɗu.

Ya fito yana tari, ya ce shi yanzu ya tabbata, a cikin duhu ma kaɗan take yi. Ya koma aka ƙara masa biyu.

Mai waya ya ce shi dai ya gama nasa. Ya ce batirin motar nan an yi shi ne don mota, ba don unguwa ba. Ya haɗa su duka a makunni ɗaya, don yaron ya ce ba zai iya haddace da yawa ba. Ya gargaɗe shi kar ya kuskura ya kunna sai inji na aiki. Ya karɓi hakkinsa, ya ce in wani ya tambaya, bai san shi ba.

Ranar farawa ta zo. A gona motar ta kwana. Yaya ya ce zai biyo da tasa motar ya ɗauki direba tun kafin gari ya waye. Da ya yi ham a ƙofar gida, ya tarar da mu biyu a tsaye, ni da mayafina da kwalbar maganin hawan jini. Ya ce ke kuma ina zuwa? Na ce rantsuwa ce a tsakani, sai na ga fitilar da idona zan janye. Ya ce shi dai Allah ya haɗa shi da dangi.

Muka isa gona, duhu kamar cikin tulu. Maigadi yana kan tabarmarsa ya ƙudundune. Ma'aikata suna barci a ɗakinsu. Ƙwan da aka tara jiya yana jere a kiret a bakin rumfa, lodi kawai yake jira. Motar kuma ga ta can, ta fuskanci ɗakunan kaji, sai ƙyalli take yi a hasken tocilan Yaya. Ya haska ta daga sama zuwa ƙasa. Ya sake haskawa. Ya ce wannan motarsa ce ko bikin wani aka kawo masa? Yaron ya ce ai wannan ma don lokaci ya ƙure ne.

Na ce na yarda ya taɓa ta sau ɗaya don gwaji, ya shiga zai tada inji, Yaya ya daka masa tsawa, ya ce ƙarar mota kusa da kaji a wannan lokacin firgita su take yi, ya kunna fitilar kawai a gani. Yaron ya ce mai waya ya ce kar a kunna sai inji na aiki.

Yaya ya ce, "Mai waya ne ya ba ka aiki ko ni?"

Ya ce Kawu ne. Ya jawo tabaransa daga wuya, ya gyara robar a ƙeya. Ya laluba ya danna.

Jama'a, ni dai na san na ce innalillahi, daga nan ban san me ya biyo baya ba. Ba haske ba ne wannan, gari ne ya waye ba sallama. Komai ya yi fari fat. Na ga tururuwa a ƙasa kowacce da inuwarta. Na ga furfurar da Yaya ke rinawa yana cewa gado ne bai yi ba. Na ga wani ɗan kunne a cikin yashi, na wata da ta zo gonar bara. Can ƙarshen gona wani ɓera ya tsaya da ƙafa biyu ya ɗaga hannu.

Sai zakaru suka ɗauka. Ba na gonar kaɗai ba, har na ƙauyukan da ke tsallaken rafi. Kaji dubbai suka diro daga kan sanda a lokaci guda, suka rufar wa abinci da ruwa, kyarkyara ta cika duniya. Maigadi ya miƙe zumbur, ya naɗe tabarma, ya saɓa sanda, ya ce mana sai da yamma, ya kama hanyar gida. Ma'aikata suka fito da gudu, wani da riga a baibai, suna ba Yaya haƙuri wai ba su taɓa makara irin ta yau ba. Wani manomi daga maƙwabta ya wuce da fartanya a kafaɗa, ya yi mana barka da hantsi.

Yaya ya toshe ido da hularsa yana ihu a kashe, a kashe. Ni na cusa kaina cikin mayafi, amma ta cikin mayafin ma ina ganin ƙasusuwan yatsuna. Shi kuwa gogan ya sauko daga mota, ya taka a hankali zuwa gaba, ya ja da baya, ya riƙe ƙugu kamar yadda ya saba. Ya daɗe yana kallo ta cikin baƙin gilashin nan. Sannan ya girgiza kai.

Ya ce, "Kawu, ka gani ko? Har yanzu da saura."

Yaya ya ce ya cire wannan abin daga fuskarsa. Ya ce Umma ta hana. Yaya ya ce to ya je ya kashe. Ya juya zai koma, amma da tabaran ba ya ganin komai sai fitilun, mota kuwa ba ya ganinta. Ya lalubi ƙofa ya kama madubi. Ya zagaya ya rungumi tankin ruwa. Mu kuma da ba mu da tabarau ba mai iya tunkarar wurin. Haka aka yi ta yi, shi yana gani ba ya gani, mu ba ma gani muna gani, ana yi masa kwatance, dama, hagu, ba nan ba, wannan Kawu ne ka taka.

Batir ne ya raba gardamar. Hasken ya fara yin ja, ya yi rawaya, ya lumshe, ya mutu. Daidai lokacin kuma gabas ta fara yin fari, ranar Allah ta gaskiya ta leƙo. Zakaru suka kalli juna, suka sake yin cara, amma ba da ƙarfi ba, kamar masu jin kunya.

Aka yi lodin ƙwai a guje. Yaron ya murɗa makulli, motar ta ce ƙyat, ta yi shiru. Aka tura, ta ƙi. Aka sake turawa har da ni, ta ƙi. Wayar Yaya ta yi ta ƙara, mai sari ne, har ya gaji ya ce ya saya a wani wuri. Yaya bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Hannu kawai ya miƙa. Yaron ya zare makullin ya sa masa a tafi. A raina ina ganin kujerata tana lotsawa.

Muna tsaye cirko-cirko sai ga babban ma'aikacin gonar ya fito daga ɗakin kaji, rigarsa cike da ƙwai, yana kiran a kawo kiret. Ya ce kajin sun zuba, kuma ba kaɗan ba. Aka kwashe. Da hantsi ya yi, sai suka sake zubawa. A lissafinsu kwana biyu aka yi, kuma su ba sa cin bashin aiki. Har wata tsohuwar kaza da aka ware za a sayar don ta daina, ita ma ta yi ɗaya, tana ta shela.

Yaya ya tsaya yana kallon kiret, ya kalli mota, ya sake kallon kiret. Na ga bakinsa yana motsi. Ya sa aka sayo manyan batura, aka cire tayoyin motar, aka ɗora ta a kan bulo a daidai inda take, fuskarta na kallon kaji. Ƙwai kuma ya yi hayar wata mota tana kwasa.

Na bi shi har ofis na ce Yaya, to yaron fa?

Ya ce, "Motar na ƙara mata girma. Direban ne na sallama."

Na yi kuka, na tuna masa wanda ya goya shi lokacin da ya karye, ko da yake ba ni ba ce. Da ƙyar ya sassauto. Ya ce akwai gurbi ɗaya: mai kunna wa kaji fitila da asuba, ya kashe in gari ya waye. Danna makunni ne kawai, ba tuƙi, ba rami, albashin ma bai rage ba. Ya ce wannan ko tunkiya aka koya wa za ta iya, don haka yana ganin ɗana zai gwada. Amma in bai zo ba zuwa jibi, maigadi ya riga ya nuna sha'awa.

Na dawo gida da gudu, na tarar da shi a kan kujera, rimot a ƙirji, tabarau a wuya. Na ce tashi, aiki ya dawo, rantsuwa kuma na janye ta, ka je ka taɓa motar ko da tsakar dare ne. Sai ya tashi zaune, ya dube ni da tausayi. Ya ce ai ba haka muka yi ba. Cewa na yi sai ranar da fitilar ta yi haske yadda ya kamata, kuma shi da idonsa ya gani ba ta yi ba. Ba zai yarda mahaifiyarsa ta ci maganarta saboda abin duniya ba. Na ce to tabaran ma na janye. Ya ce wannan kuma don lafiyar idonsa na sa, ko yanzu na daina son idon nasa ne? Ya ce in dai ina son ya koma, a ƙara guda ɗaya tak, akwai wata da mai fitila ya ce irinta ake sa wa jirgin ruwa. Zai je ya gwada ta gobe da azahar.

Na kira mai fitilar in roƙe shi ya ce ta ƙare. Ya ce Hajiya ki yi haƙuri, har ya riga ya aika a kawo biyu.

To ga ni nan. Jibi na matsowa, maigadi ya sayi sabuwar hula, kujerata ta koma gidan jiya. Don Allah ku ba ni shawara, ya zan yi da shi? In ɓoye tabaran ne, ko in bari a sayo ta jirgin ruwan a huta? Amma kar wanda ya ce in kafa masa hujja da abin da ya faru a gona, na riga na gwada. Na ce masa ɗan nan, ka ji tsoron Allah, kaji dubbai sun shaida fitilar nan ta yi.

Ya gyara kwanciya ya ce, "Umma, a maganar haske, shaidar kaza mai dundumi za a karɓa?"